Saitin Ƙafa Bayan Na Sauke Motata Ƙasa

A Kano in ka ji an ce an taɓa tsayin mota, to ɗaga ta aka yi. Mai Corolla ya sa a cusa masa roba a ƙarƙashin sifirin, mai Golf ya nemo dogon sifirin na wata motar daban, duk don kada ƙasan mota ya riƙa gurzar tudun rage gudu da bakin ramukan damina. Ni kuwa akasin haka na yi. Motata Honda Accord ce ta 2005, irin ta Amurka wadda ake ce wa EOD, kuma sifirin ɗinta na asali sun gaji. Ɓangaren direba ya fi ɗaya ɓangaren zama, in na sha kwana da ɗan gudu sai ta yi ta tangaɗi. Tunda dai canji ya zama dole, kuma yawancin tafiyata a kan babban titin Kano zuwa Zariya da Kaduna take, sai na sa aka kawo mini gajerun sifirin, irin waɗanda aka ƙera musamman don su sauke mota da kimanin santimita 3.

Wannan daban yake da aikin da wasu samari ke yi na datse sifirin da injin yankan ƙarfe, ko gasa shi da wutar walda har ya lanƙwashe. Wancan kashe sifirin ne. Wanda aka ƙera don saukewa gajere ne amma ya fi na asali tauri, domin tazarar da ta rage wa ƙafa ta yi wasa ta ragu, in bai yi tauri ba duk ramin da aka faɗa sai ƙarfe ya daki ƙarfe. Kamfanonin da suka yi suna a wannan sana'a sun haɗa da Eibach da H&R na Jamus, da Tein na Japan, kuma kowannensu yana faɗar yawan saukar da za a samu a kan kowace irin mota.

Ranar ɗaurawa ba ta da dogon labari. Kafin a ɗaga motar na ɗauki tef na auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen bodi a ƙafa huɗun, na rubuta a bayan wani rasit. Daga tsakiyar wili ake aunawa ba daga ƙasa ba, saboda iskar taya tana iya ruɗa lissafi. Bakanikena, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, yana kallona yana girgiza kai.

“Alhaji, kowa yana neman sama, kai kana neman ƙasa. Allah ya sa ba ni za ka kira daga bakin lambatu ba.”

Na ce, “Oga, in na kira ma ai za ka zo.”

Abu ɗaya na tsaya a kansa ranar, kuma ya yarda da ni ba gardama domin ya san shi: kada a ƙarasa ɗaure notikan hannayen ƙafa motar tana rataye a kan jak. Bushin ɗin da ke cikin waɗannan hannaye roba ce da ke manne da ƙarfe ciki da waje. Ba juyawa take yi ba, murɗewa take yi ta dawo. In aka ɗaure ta ƙafa na reto, da an sauke motar za ta zauna a murɗe, haka za ta yi ta zama har ta tsage. Su ma notikan da ba a taɓa ba, an ɗaure su ne a tsohon tsayi, don haka sai da aka sassauta su, aka sauke motar ta zauna a kan nauyinta, aka ɗan jijjiga ta, sannan yaron garejin ya shiga rami ya ɗaure su a sabon mazauni. Wanda ya tsallake wannan mataki, motarsa na iya ƙin sauka yadda ya kamata, kuma duk saitin da aka yi masa a kan haka ba zai daɗe ba.

Takardar da ta zo cikin kwalin sifirin ta ce a yi saitin ƙafa bayan ɗaurawa. Masu harkar kuma sun saba cewa a ɗan jinkirta mako ɗaya zuwa biyu ana zirga-zirga, sifirin da robobin mazauninsa su gama zama. Hikimar a fili take: in ka yi saiti yau gobe motar ta ƙara sauka da 'yan milimita, awon ya gauce. Amma jinkirin nan yana da iyaka, domin duk kilomitar da ka yi kafin saiti daga jikin taya ake biyanta. Na tsaya a cikin gari, ban yi doguwar tafiya ba, ina maimaita awon tef lokaci-lokaci a kan daɓen siminti guda. Da na ga lambobin sun daina motsi, na san lokaci ya yi.

Kafin nan motar da kanta ta fara ba da labari. Sitiyari ya ɗan karkace hagu ko da ina tafiya sak. In na hau inda manyan motoci suka yi wa kwalta kwari, sai ta riƙa bin kwarin da kanta, sai na riƙe ta da hannu biyu. In ka tsaya a bayanta ka durƙusa, za ka ga tayoyin baya sun yi gwame: samansu ya shige ciki, ƙasansu ya buɗe waje. Abin da ya fi damuna shi ne abin da tafin hannuna ya ji. Na shafa fuskar tayar gaba daga waje zuwa ciki, na sake shafowa daga ciki zuwa waje. Ta ɗaya hanyar sumul, ta ɗayar kuwa kowane zanen taya yana da ɗan kaifi a gefe da ke karce hannu. Taya ba ta yin haka sai in ana jan ta a kaikaice a kan kwalta.

Dalilin duk wannan yana cikin yadda aka ƙera ƙafar. A wannan Accord, kowace tayar gaba hannu biyu ke riƙe da ita, na sama gajere, na ƙasa dogo, ta baya kuma hannaye biyar. Kowane hannu yana kafe ne a jikin mota ta kai ɗaya, ɗaya kan yana lilo sama da ƙasa cikin lanƙwasa. Da yake na sama ya fi gajarta, in bodi ya sauka sai ya janyo saman taya ciki fiye da yadda na ƙasa ke janyo ƙasanta. Da gangan injiniyoyi suka yi haka, don in mota ta kwanta a kwana tayar waje ta ci gaba da taka kwalta da dukkan fuskarta. To mai gajeren sifirin ya mayar da motarsa tamkar kullum tana ɗauke da kaya, abin da aka tanada don lokacin kwana ya zama mazauninta na dindindin. Shi ma tayarod, sandar da ke haɗa sitiyari da ƙafa, lilon nan yake yi da nasa tsawon daban, shi ya sa da mota ta sauka bakin tayoyin ke tsukewa ko buɗewa ba wanda ya taɓa noti.

Mai facin bakin layinmu ya ce in kawo ya gyara mini a tsaye. Na san aikinsa. Zai ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba, ya runtse ido ɗaya, ya murɗa tayarod, ya ce a zaga a dawo. Ban raina zare ba. Masu motocin tsere ma suna saiti da zare, sai dai su sukan kafa shi a kan sanduna gaba da baya, su auna da rula har milimita, a kan daɓen da aka tabbatar ba shi da gangara. Matsalar aikin bakin titi ita ce tayar baya ake ɗauka a matsayin ma'auni, a daidaita ta gaba da ita. A motar da ba a taɓa ba wataƙila a dace. A tawa kuwa bayan ne ya fi gaucewa. Na gode masa, na bar shi ya duba mini iska kawai.

Sai na nufi wurin masu saitin kwamfuta. Tun daga ƙofa aka fara aiki, domin gangaren hawa gadon saitin ya yi wa motar tsayi, sai da aka shimfiɗa katako biyu, wani yaro ya durƙusa yana leƙen bomba yana ce mini “a hankali, a hankali, Yallaɓai.” Mai saitin matashi ne, ba ya da yawan magana, kuma abin da ya fara yi ne ya sa na amince da shi. Bai taɓa kwamfuta ba. Ya ɗaga gaban motar, ya kama taya ta dama da hagu ya girgiza, ya kama ta sama da ƙasa ya girgiza, ya sa yaronsa ya ɗora hannu a kan kowane boljoyin, wato gaɓar ƙarfe mai juyawa da ke haɗa hannu da ƙafa, yana jin motsi. A ƙafar dama aka ji ƙwas-ƙwas kaɗan. Kan tayarod ne ya yi lako-lako.

Ya ce, “Yallaɓai, in na yi maka saiti a haka, kuɗinka kawai zan ci. Kafin ka kai shataletale ya koma.”

Gaskiyarsa. Abin da ake aunawa da milimita ɗaya ko biyu ba zai tsaya a kan gaɓar da ke wasa da fiye da haka ba. Na wuce Ƙofar Ruwa na samo kan tayarod, aka canza, na dawo wata ranar.

A wannan karon aka bi ƙa'ida daga farko. An cika iska daidai da abin da ke rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba. An kwashe tarkacen but, aka bar safaya da jak kawai. Tayoyin gaba suka hau faranti masu juyawa, na baya suka hau masu zamewa, don ƙafa ta saki jiki ba tare da kwalta ko ƙarfe sun riƙe ta ba. An maƙala wa kowane wili allo mai ɗigo-ɗigo, kyamarori biyu a kan doguwar sanda a gaba suna kallonsu. Aka tura motar baya kaɗan aka dawo da ita, don na'urar ta gane ainihin yadda kowane wili ke juyawa ko da an maƙala allon a ɗan karkace. Aka danne birki da sanda, aka juya sitiyari hagu da dama, sannan aka daidaita shi sak aka kulle.

Wurin zaɓen mota a kwamfuta ne na sa baki. Yaron da ke danne-danne ya shiga jerin motocin Turai ya zaɓi Accord ta 2005. Sunan ɗaya ne, shekarar ɗaya ce, amma mota daban ce. Accord ɗin da aka sayar a Turai da Japan a waɗannan shekaru ta fi ƙanƙanta, ita ce aka kai Amurka da sunan Acura TSX. EOD kuwa, wadda aka yi daga 2003 zuwa 2007 har da wadda aka yi wa kwaskwarima ake ce mata DC, a jerin Amurka take. Ogan ya leƙo ya ce masa, “Kai, koma Amurka.” Duk mai irin wannan mota ya riƙa duba allon nan da idonsa, domin da lambobin da aka zaɓa za a yi wa motarsa hukunci.

Allon ya fito, rabinsa ja. Abu uku yake nunawa. Kamba, wato kwanciyar saman taya ciki ko waje. Kasta, wato jinginar da layin juyawar tayar gaba ya yi zuwa baya, wadda ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa bayan kwana. Sai bakin taya, ko ya tsuke ciki, to-in kenan, ko ya buɗe waje, to-awut. Kasta bai yi wani motsin kirki ba, hagu da dama sun yi kusa da juna, muka wuce shi. Kambar gaba, wadda kamfani ya ajiye a kusan sifili, ta kwanta ciki da wajen digiri 1. Ta baya, wadda dama Honda ta bar mata kwanciya ta kimanin digiri 1, ta haura digiri 2, kuma ta hagu ta fi ta dama. Bakin tayoyin gaba ya buɗe, na baya kuwa kowace da inda ta dosa.

Abin lura ga mai karanta irin wannan allo: wasu na'urori suna rubuta digiri da minti, wasu digiri da ɗigo. Minti 60 ne digiri ɗaya, saboda haka 1°30' daidai yake da 1.50, ba 1.30 ba. Na ga mutum yana musu da mai saiti a kan takardu biyu daga wurare biyu, alhali abu ɗaya suke faɗa.

Idona a kan kamba yake, domin ita ake gani da ido, ita ce abokai ke nunawa suna dariya. Mai saitin ya sa yatsa a kan layin ƙasa.

“Ba wannan ce ke cin tayarka ba, Yallaɓai. Ga ɓarauniyar nan.”

Bakin taya yake nufi, kuma lissafi yana bayansa. Tayar da ta kauce daga hanyarta da digiri ɗaya, a kowace kilomita ana jan ta a kaikaice kimanin mita 17 da rabi. Ko rubu'in digiri ne, wanda ido ba zai taɓa gani ba, ya haura mita 4 a kilomita. Kano zuwa Kaduna wajen kilomita 230 ne. Kenan a zuwa kawai an gurza tayar a gicciye tsawon kilomita guda, a kan kwalta mai zafi. Ita kamba ba ta gurzar taya, nauyi kawai take tarawa a gefen ciki, gefen ya riga sauran cinyewa sannu a hankali, kuma cinyewar sumul take ba kaifi. Sharrin shi ne haɗuwarsu. In taya ta kwanta a kan gefen ciki sannan bakinta ya buɗe, duk gurzar a kan wannan siririn gefen take sauka. Shi ne za ka ga taya ta waje kamar sabuwa, ka leƙa ciki ka tarar waya ta fito.

Daga baya ake fara saiti, kuma wannan ne abin da masu gyaran gaba kaɗai ba sa kaiwa gare shi. Tayoyin baya su ke nuna inda jikin mota ya dosa. In sun karkata dama, motar za ta riƙa tafiya a ɗan gicciye, direba ya riƙa karkata sitiyari don ya rama ba tare da ya sani ba. Ko sau nawa aka gyara gaba, sitiyarin ba zai miƙe yadda ya kamata ba sai an gyara baya.

A nan aiki ya tsaya. Bakin tayar baya a wannan mota da wani noti ake saita shi, mai wanki a jikinsa wanda raminsa ba a tsakiya yake ba, in an juya shi sai ya tura hannun ƙafa ciki ko waje. Na dama ya juya lafiya. Na hagu ya ce sam. Motar daga Amurka ta zo, kuma a jihohinsu masu dusar ƙanƙara gishiri ake watsawa a titi lokacin sanyi. Ruwan gishirin nan ya shiga tsakanin notin da bututun ƙarfen da ke cikin bushin, tsatsa ta haɗe su suka zama abu guda. In an sa dogon sifana an danna, sai ka ga kamar ya motsa, allo ma ya nuna canji, da an saki sai ya dawo inda yake, domin robar ce ke murɗewa ba notin ba. Na durƙusa da fitilar waya ina kallo: alamar da aka yi masa da alli ta matsa kamar faɗin farce, aka saki, ta koma gurbinta.

Wani daga cikin yaran ya ce a sa masa wuta. Ogan ya hana, ya ce wuta za ta saki notin amma za ta cinye robar, ga tankin mai a kusa. Aka fesa masa man sassauta tsatsa, aka bar shi ya sha, aka yi ta bugun kansa da guduma ta kan wani guntun ƙarfe. Bai saki ba. A ƙarshe yanke shi aka yi da zarto ta gefe biyu, aka cire hannun gaba ɗaya, na koma kasuwa na samo na Beljiyam da notinsa. Kafin a ɗaura na sa an shafe jikin notin da giris sosai. Duk mai shirin sauke motar da ta fito daga can, ya sa a gwada waɗannan notikan tun ranar da ake ɗaura sifirin, ya huta da zarya.

Saura kamba, kuma a nan ne mai mota ke yanke shawara, ba kwamfuta ba. Honda ba ta sa wa wannan mota wurin saita kamba ba, gaba da baya. Ba notin da za a juya. In ana son gyara ta sai an sayo wani abu daga waje: a baya, hannun sama mai zare a tsakiya wanda ake tsawaitawa ko a gajarta, a gaba, boljoyin na sama mai zamewa. Akwai masu cewa a faɗaɗa ramin noti da ƙarfen gurza, akwai masu cewa a sa jak a tanƙwara. Ban saurari ko ɗaya ba.

Na raba abin biyu. Na baya na saya, domin digiri 2 da ɗoriya ya yi yawa ga motar da ke ɗaukar iyali da buhun shinkafa, kuma kowane nauyi da aka ƙara a baya ƙara kwantar da tayar yake yi. Ga shi kuma hagu da dama ba su daidaita ba. Na gaba kuwa na bar shi. Digiri 1 a gaba ba abin tashin hankali ba ne in bakin taya yana daidai, har ma yana taimaka wa mota ta kama ƙasa a kwana. Sannan boljoyin mai zamewa ya fi na asali tsayi, a motar da aka sauke kuma tazarar da ke tsakanin hannun sama da bodi ta riga ta ragu, in aka faɗa babban rami yana iya dukan bodi ta ciki. A titunanmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Abin da na nema a gaba shi ne kada bambancin hagu da dama ya wuce rabin digiri, domin bambancin ne ke sa mota ja gefe, kuma bai wuce ba.

Mai saitin ya ɗan yi jim. Shi ya saba mota ta fita daga hannunsa allo duk kore, ga shi ina ce masa a bar layi biyu a ja. Na ce masa lambobin da ke cikin kwamfutar na motar da ke tsayin kamfani ne, tawa kuwa ta bar wannan tsayin. Ya ce, “Haka ne, amma zan rubuta a takarda cewa kai ka ce a bari.” Na ce ya rubuta. Na ma ji daɗin hakan, ya nuna yana tsaya wa aikinsa.

Kafin hannayen bayan su iso an ɗauki lokaci, don haka ranar aka saita bakin tayoyin huɗu kawai don a tsayar da gurzar, da sanin cewa za a sake. Da suka iso aka ɗaura, aka sake hawa gado, aka bi tsari: kambar baya tukuna, domin da ka taɓa ta bakin taya ya motsa, sannan bakin tayar baya, aka ba shi ɗan to-in na kimanin milimita 2 jimilla kamar yadda littafin motar ya tanada, wanda ke sa bayan mota ya natsu a guje, sannan aka zo gaba aka mayar da shi sifili, ana murɗa tayarod na hagu da na dama kowanne daban ana kallon allo, sitiyari a kulle. Kambar baya muka tsayar da ita a ɗan sama da digiri 1, ba mu miƙar da ita sak ba. Da mun miƙar, da mun cire abin da kamfani ya sa da gangan, kuma da saman tayar ya matso kusa da leɓen bodi inda zai iya gogawa in an ɗauki mutane.

Wani abu da na gani a wurin ɗaure notin ƙarshe: lambar tana daidai, da aka ja notin kulle sai ta ɗan gusa. Ya sassauta, ya ba ta ɗan rara ta ɗaya gefen, ya sake ɗaurewa yana riƙe da sandar da wani sifanan, ta faɗa daidai. Mai gaggawa ba ya komawa kallon allo bayan ya ɗaure.

Muka fita gwaji tare, shi a kujerar gefe. A miƙaƙƙen titi sitiyari ya tsaya sak. Na sassauta hannu, motar ta yi nisa kafin ta fara zamewa dama a hankali. Wannan ba laifi ba ne. A dama muke tuƙi, kuma ana yi wa titi ɗan gangara zuwa gefe don ruwa ya sauka, kowace mota mai lafiya za ta bi gangaren in aka ƙyale ta. Bin kwarin kwalta ya ragu ƙwarai. Har ƙarar taya da na ɗauka ta tsufa ce, ta yi sauƙi.

Kuɗin saitin kansa, ko da an haɗa na farko da na biyu, bai kai kuɗin sabuwar taya ɗaya ba. Abin da ya ci kuɗi shi ne kayan da saitin ya tono: kan tayarod, hannun da aka yanke, da hannayen kamba. Wanda zai sayi gajeren sifirin ya sa waɗannan a lissafinsa tun farko, har da shokabzoba, domin tsohuwa ba ta jure aiki a gajeriyar tazara da sifirin mai tauri. Nawa na canza su tun ranar ɗaurawa, shi ya sa ba su shigo cikin wannan labari ba. Masu sababbin motoci kuma suna da ƙarin mataki da tawa ba ta buƙata: na'urar da ke gane karkatar sitiyari, wani lokaci har da kyamara ko radar ta gaba, sukan so a sake daidaita su bayan saiti.

Tayoyin gaban da suka fara kaifi na mayar da su baya, kaifin ya goge da tafiya. Yanzu duk lokacin juye baƙin mai nakan sa a juya tayoyin, in kuma shafa gefen ciki da hannu, domin a motar da ke ƙasa ba a ganin wannan gefen sai an juya sitiyari har ƙarshe ko an kwanta. Fitilun gaba ma sai da aka sake saita su a jikin bango da daddare, saboda gaban ya fi bayan sauka da 'yan milimita, haskensu ya koma faɗuwa kusa. Takardar awon tana cikin aljihun mota tare da rasit ɗin da na rubuta tsayin ƙafa huɗu. Bayan damina, da ramukan titin Zariya suka gama nasu aikin, na koma aka sake ɗora ta: baya bai motsa ba, gaban dama ne ya ɗan buɗe, aka murɗa tayarod kaɗan na kama hanya.